Filashin Sara da Muryar Inna Dije

Aikin farko yau: kai laftof ɗin Ummi a canja masa batir. An canja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka lafiya, kin sami Gwaggonki da mutanen gidanta lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Allah Ya tsare ki a Kano kamar yadda Ya tsare ki a gabanmu, Ya sa karatun da kika fita nema ya zame miki alheri. Layin da ke sama kada ya dame ki. Hannuna ya saba, ko me zan rubuta sai ya fara da aikin ranar, kuma ba na son in yaga takardar in ɗauki sabuwa, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba.

Ina rubutun nan a shago bayan la'asar, an ɗauke wuta, babu kowa. Zan sa takardar a aljihun gefe na jakarki, Mamanki za ta ce miki kada ki buɗe sai kin isa. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Maganar filash ɗin nan ce.

Makon jiya kin shigo shago da murna, kin ɗaga shi sama, kin ce a guruf ɗin waɗanda za ku fara karatun kwamfuta tare an raba asalin rubutun wata babbar manhaja da ya kuɓuce wa masu ita, wata ƙawarki ta sauke ta kwafar miki. Kin ce za ki sa a laftof ɗinki ki ga yadda manya suke rubutu. Ni kuwa na fizge daga hannunki a gaban mutane, na jefa a aljihu, na ce ba a gidana ba. Kika ce, "Baba, karantawa kawai zan yi." Na ce ki tafi gida. Tun daga ranar gaisuwarki ta koma ta dole: ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Ban ga laifinki ba. Na karɓe miki abu ban ba ki dalili ba, alhali kin wuce a yi miki haka. Dalilin ne ya yi mini nauyi a baki, shi ya sa na ce bari in gwada da biro.

A shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba, kina ƙaramar sakandare, an yi irin wannan. Asalin rubutun tsohuwar manhajar da yawancinmu muke aiki da ita a shaguna ya fita, aka yi ta yaɗa shi. Ke yanzu kin fi ni sanin abin, amma ga yadda na fahimta daga baya, in na yi kuskure ki gyara a ranki. Manhajar da ke tuƙa kwamfuta kamar gida ce, asalin rubutunta kuwa zanen da magini ya yi kafin ya aza bulo. Wanda ya riƙe zanen ya san inda bango ba shi da kauri, ya san tagar da ba ta rufuwa da kyau. Masu manhajar sun daɗe da daina yi wa waccan tsohuwar gyara. Ke nan zanen gidanmu yana hannun kowa, kuma babu maginin da zai zo ya toshe mana kafa. Wannan hatsari ɗaya ke nan. Ɗayan ya fi kusa da mu: da yawa daga abin da ake rabawa da sunan rubutun, an yi masa ciko kafin a sake shi. A lokacin ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani kawai, kwamfutocina na hannu ne, sun tsufa, mutum zai zauna yana jiran shafi ya buɗe har ya fara gyangyaɗi.

Wata ranar kasuwar Sara na je taya Malam Garba gyaran firinta. Kin san shi, abokin sana'ata ne tun muna koyon buga takarda. Da muka gama ya jawo ni gaban kwamfutarsa.

"Malam Habibu, zo ka ga abin mamaki. Daga asalin rubutun nan da ya fita aka harhaɗo wannan. An cire mata duk kayan nauyi, ba ta neman lambar rajista, ba ta neman komai. Dubi yadda take tashi."

Ta tashi kuwa kamar sabuwa. Na ce, "Wa ya harhaɗa?"

"Wani gwani ne a intanet."

"Wane gwani?"

Sai ya juya ga masu zaune a benci. "Kun ji shi ko? Mutumin da sai ya karance takardar cikin kwalin maganin mura kafin ya sha. Malam, yanzu in na zuba maka tuwo a gidana sai ka ce in kawo wanda ya niƙa dawar?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na miƙa masa filash ɗina ya kwafar mini.

Ki gane wani abu game da mu masu wannan sana'a a nan. Filash yana yawo tsakaninmu kamar sukundireba: daga Sara zuwa Gwaram, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, a aljihun direba ko na ɗan acaba. Ba a hana ɗan'uwa, kuma ba a tambayarsa inda ya samo, don tambayar kanta zargi ce. Da haka muka rayu, tun da ba mu da ƙarfin sayen na asali. Ni na yi tambayar daidai, Ummi. Abin da na kasa shi ne tsayawa a kanta bayan an yi mini dariya. A makaranta za ki haɗu da masu dariya waɗanda suka fi Malam Garba iya baki, za su ce miki 'yar ƙauye, za su ce miki matsoraciya. Ki tambaya dai: daga ina, wa ya haɗa, wa ya duba. In amsar ita ce wani gwani a intanet, ki mayar wa mai shi kayansa ki yi masa godiya.

Na ɗora ta a kan kwamfutar da ke bakin ƙofa, wadda mutane suke zama a kai. Nan ne babban kuskuren, don a cikin waccan kwamfutar amanar mutane take. Kin san yadda ake yi da mu. Mutum zai zo daga ƙauye a buɗe masa shafin sada zumunta ko imel, in ce ya zaɓi lambar sirri, ya ce, "Malam, kai ka riƙe, ni mantawa zan yi." Sai in zaɓar masa, in bar kwamfutar ta riƙe, in ya dawo ta buɗe da kanta. Har lambar wayar da ake dawo da shafi da ita in ya ɓace ba na damuwa in sa, don yawancinsu ba su da waya tsayayya. Ina ganin taimako nake yi. Ban taɓa zama na lura cewa na tara makullan gidajen mutane a rami ɗaya ba.

Cikin masu makullan akwai Inna Dije ta Surko, tsohuwar nan da kike kawo wa ruwa ranar kasuwa. Kin san an sace mata shafi, amma ba ki san ta wace ƙofa ba. Ɗanta Sale, shi kaɗai ya rage mata namiji, ya tafi ci-rani har Libiya yana aikin gini. Lambar wayarsa ba ta zama, yau ta wannan gobe ta wancan. Shafin nan da na buɗe mata shi kaɗai ne igiyar da ke tsakaninsu. Duk ranar kasuwa in ta sayar da daddawarta sai ta zo, in sa mata abin ji a kunne, ta saurari muryarsa, sannan ta mayar masa da tata. Ihu take yi in za ta yi magana.

Na ce, "Inna, ko a hankali kika yi zai ji."

Ta ce, "Ka taɓa zuwa Libiya?"

"A'a."

"To ka bar ni. Da nisa."

In ya turo hoto sai ta kanga fuska a jikin gilashin ta ce, "Dubi wuyansa. Yaron nan ba ya cin abinci. Malam, rubuta masa, ka ce in ji ni, ba kuɗi na aike shi nema da yunwa ba." Wata rana da damina ƙafarta ta matsa mata, ta faɗa masa da muryarta: "Sale, ƙafar nan ta hana ni sakat, ko rijiya ba na iya zuwa. Ka sa ni a addu'a." Ina zaune a gefe, ni na danna aka tura.

Kwamfutar ta yi ta ba ni alama. Data tana ƙarewa tun kafin lokacinta. Fankar ciki tana gurnani alhali ba kowa a kai. Rannan da idona na ga kibiyar nan ta kan allo ta motsa ba wanda ya taɓa. Na rubuta a littafina, "Ta bakin ƙofa tana wani abu, a duba." Washegari na sake rubutawa. Na yi makonni ina kwafe layin nan daga shafi zuwa shafi, har na riƙa jin kamar na yi aikin. A tsakanin ne wani abokin sana'a daga Fagam ya aiko direba neman manhajar, don labarin saurinta ya kai masa. Na kwafar masa, ban haɗa da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba, don kada a ce Malam Habibu ya fara tsoronsa. Ummi, in na'ura ta yi abin da ba ki sa ta ba, ki cire ta daga intanet a lokacin, ki nemi wanda ya fi ki sani a ranar. Rubuta "a duba" ba dubawa ba ne, ni shaida ne. Kuma abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, kada ki miƙa wa wani.

Sai ranar da Inna Dije ta zo, na danna, shafin ya ce lambar sirri ba daidai ba ce. Na sake, haka. Na ce mata, "Inna, netiwok ne, sai wani makon." Ta ce ba komai, ta ajiye mini daddawa ta tafi. Mako ya zagayo, na sake ce mata netiwok ne. Zuwa lokacin wasu ma sun fara zuwa da irin wannan kuka, na san ba netiwok ba ne. Ina so ne in gyara kafin ta sani.

Don haka a tsakiyar mako, ni kaɗai, na buɗe sabon shafi da sunanta, na nemo Sale, na rubuta masa cewa ni ne mai shagon Birnin Kudu, an sace tsohon shafin, ga sabo. Bai daɗe ba ya amsa. Na haddace abin da ya rubuta ba tare da na so ba: "Ku ji tsoron Allah. Kun turo min muryar uwata kun ce tana asibiti za a yanke ƙafa, na tura muku abin da na tara. Na tambaye ku sunan gonar babana kun kasa. Yanzu kun dawo da sabon shafi. Ko muryar wa kuka turo ba zan ƙara saurara ba." Kafin in gama rubuta amsa ya toshe ni.

Muryar da na danna da hannuna aka tura, ita suka ɗauko suka sake tura masa.

Da na jira ranar kasuwa, Inna tana zaune, muka kira shi yana ganin fuskarta, tana faɗin sunan gonar, da wataƙila ba wannan takardar nake rubutawa ba. Na yi gaggawa ne don in rufe kunyata. Ranar kasuwar da ta biyo na ari wayar maƙwabci, na zaunar da ita, muka nemi shafinsa. Babu shi, ya rufe shi gaba ɗaya. Daga baya wani da suka tafi tare da Sale ya dawo, na je har gidansu. Ya ce Sale ya bar garin da suke ya nufi wajen bakin teku, bai bar lamba ba. Daga nan babu wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa.

A ranar na faɗa mata gaskiya. Na ce, "Inna, ba netiwok ba ne. Ɓarayi ne suka shiga kwamfutar."

Ta dubi ƙofar shago, ta dubi kwaɗon. "Ta ina? Ba ka kullewa?"

"Ina kullewa. Wani abu na sa a ciki wanda ban san asalinsa ba, ta nan suka shigo. Ni na buɗe musu."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ya ɗauka ni ce na cuce shi?"

"A'a, Inna. Ya san ba ke ba ce."

"To, alhamdu lillahi." Ta tashi da ƙyar, ta ɗauki ƙwaryarta. "Ka sake dubawa wani makon. Yaron nan ba ya dogon fushi."

Da ta zage ni, ko ta kai ni wurin mai unguwa, da na sami sauƙi. Har yau tana zuwa. Ina rubuta sunansa a wurin nema, ina juya mata allon ta ga fuskokin masu irin sunan, tana cewa ba shi ba ne, ba shi ba ne. Sannan ta ajiye daddawa, in ce ta bari, ta ƙi.

Wani injiniya da ya zo daga Kano ya duba kwamfutar. Ya ce an dasa abu a cikin manhajar da ke kwashe duk lambar sirrin da aka ajiye, da duk abin da aka buga, yana aikawa waje. Na tambaye shi ko da gaske daga asalin rubutun aka haɗa ta. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma sunan kawai aka ara don mutane su yi rububi. Har yau ban sani ba. Malam Garba ya ce shi ma an ci shi, kuma na yarda. Muna gaisawa in mun haɗu, amma ban ƙara zama a bencinsa ba, kuma ban tabbata na yi masa adalci ba, tun da ba shi ya danna a kwamfutata ba. Na Fagam kuwa, lokacin da na kira shi ya riga ya ɗora wa mutane da dama. Da na faɗa masa, sai ya kashe wayar.

Yanzu ba na riƙe wa kowa lambar sirri. Wasu sun ji haushi sun koma wani shagon. Ke ma za a kawo miki wannan amanar, tun da an san kina karatun kwamfuta: 'ya'yan Gwaggonki, maƙwabta, ƙawayen da kike cike wa takardun makaranta, waɗanda hotunansu da bayanansu suna cikin laftof ɗin nan yanzu haka. Za su ce ke ki riƙe. Ki zauna da su ki koya musu, ko da zai ɗauki yini. Ki sa lambar wayar wani nasu da za a iya dawo da shafin da ita. Kuma in manhaja ta nemi sabuntawa ki bar ta ta yi, kada ki ji ciwon data, wannan shi ne maginin da ke zuwa toshe kafa.

Na san abin da za ki ce, don kin riga kin faɗa: karantawa kawai za ki yi. Na yi ta juya maganar nan. Wataƙila kina da gaskiya, wataƙila rubutu a ajiye ba ya cizo sai an tashe shi, ban isa in yi musu da ke a kan wannan ba. Amma ke ba ki san ko rubutu kaɗai ne a ciki ba, ƙawarki ma ba ta sani ba, wanda ya tura a guruf ɗin ma ina shakka. Sannan kayan wasu ne da ya fita ba da izininsu ba, kuma ba na so ranar da za ki nemi aiki a ce an taɓa ganin irinsa a hannunki. Injiniyan nan ya gaya mini akwai manhajojin da masu su da kansu suka buɗe rubutun suka ce kowa ya karanta, ya koya, har ya gyara. Ki tambayi malamanki a makon farko su nuna miki inda ake samu. Ba son sanin naki nake so ya mutu ba. Ranar da kika shigo da murnar nan, kafin in ga abin da ke hannunki, na ji daɗin da ban san yadda zan faɗa ba.

Filash ɗinki yana cikin ambulan ɗin nan. Ban sa shi a kwamfuta ba, ban goge ba. Na yi niyyar gogewa in miƙa miki shiru, har na fito da shi, sai na ga ai wannan ma irin netiwok ɗin da na ce wa Inna ne. Ko na goge, kafin ki kai Wudil wani zai iya turo miki wani, kuma ba na nan. Naki ne, ke za ki yanke. Abin da nake da shi na ba ki.

Ki yafe mini abin da na yi miki a gaban mutane. Ki riƙe salla, ki girmama Gwaggonki, ki riƙa kiran Mamanki ko ba ki da abin faɗa, ta fi ni nuna dauriya amma ba ta fi ni ba. In kina addu'a ki sa Sale a ciki, duk inda yake. Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya raba ki da abin da za ki yi nadama, Ya sa kada amanar kowa ta salwanta a hannunki, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifinki,
Habibu

Gobe, in Allah Ya kai mu:

- Man janareta.
- Karɓo takardun da aka kai ɗauri, mai su zai zo da safe.
- Raka Ummi tasha. A gaya wa direba ya sauke ta a hannun Gwaggonta, ba a bakin titi ba.
- Kada in tambaye ta me za ta yi da filash ɗin. Ko ta kira da yamma, kada in tambaya.
- Kasuwa ce. Inna Dije za ta zo bayan azahar, babu mai kawo mata ruwa, in ajiye tun da wuri. A sake dubawa.